Yadda Za Ka Fitar da Gwanayen Fina-finanka na Shekara

Duk ƙarshen Disamba sai Facebook da zaurukan WhatsApp su cika da jerin "fina-finai goma da suka fi burge ni a bana". Ka tsaya ka karanta da kyau, za ka tarar akasarinsu waɗanda aka kalla ne daga Oktoba zuwa Disamba. Fim ɗin da ya hana mutum barci a Fabrairu an manta da shi. Lamarin ya fi muni a shekarun nan, domin masu shirya fim sun saba ajiye manyan ayyukansu sai Sallah, ita kuma Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara. A 2025 Ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen Maris, Babba a farkon Yuni. Kafin Disamba ta zo, wata shida ko tara sun binne su. Saboda haka jerin Disamba tun Janairu ake fara shi, kuma da biro da takarda.

Littafin kallo

Nemi littafin rubutu na 'yan makaranta mai falle 40. Shafi 80 ke nan, fim ɗaya shafi ɗaya, ya ishi mai kallon fim ɗaya a mako har da saura. In ka fi son waya, buɗe zaure a WhatsApp wanda kai kaɗai ne a ciki, ka riƙa tura wa kanka. Akwai manhajar Letterboxd da aka yi musamman don wannan aiki, sai dai tana ɗebo sunayen fina-finai ne daga TMDB, wani rumbun bayanan fina-finai na intanet, kuma fina-finan Kannywood da yawa ba su cikinsa. Ga mai kallon na Amurka da na Indiya ta yi daidai, ga mai kallon na gida littafi ya fi.

A kowane shafi ka rubuta ranar kallo, sunan fim da shekarar da ya fito, darakta da marubucin labari (su ne ake fara mantawa, sunan jarumi ba ya ɓacewa), da inda ka kalla: sinima, talabijin, ko waya. Daga nan sai abin da ya fi komai muhimmanci, wato fitowa ɗaya da ta tsaya maka a rai, da abu ɗaya da ya ɓata maka rai, kowanne da mintin da ya faru in da hali. Ga yadda shafi mai amfani yake kama:

"Minti na 52. Uwargida ta kawo wa amarya abinci ranar da ta tare. Ba ta ce uffan ba. Ta ajiye tire, ta gyara murfin kwanon da bai karkace ba, ta sake gyara shi, sannan ta fita. Babu kiɗa. Abin da ya ɓata: minti na 80, kawu ya dawo daga tafiya ya warware komai da wasiyyar da ba a taɓa ambata ba."

Kwatanta wannan da "fim ɗin ya haɗu, jaruma ta yi ƙoƙari". Bayan wata takwas, na farko zai dawo maka da fim ɗin gaba ɗaya, har da yadda ka ji a ƙirjinka. Na biyu kuwa ana iya manna shi a kan kowane fim da aka taɓa yi tun Turmin Danya na 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin Kannywood.

Ka yi rubutun cikin awa ɗaya da gama kallo, kafin ka leƙa abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon, kafin kuma ka je majalisa. Da zarar wani mai kaifin baki ya ce "ai satar labarin Indiya ne", ra'ayinka ya gurɓata, ba za ka ƙara sanin wanne ne naka wanne ne nasa ba.

Maki biyu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa tambayoyi biyu cikin maki ɗaya. "Na ji daɗinsa?" daban, "an yi aikin da kyau?" daban. Akwai fim ɗin camama da aka ɗauka cikin gaggawa, sauti na rawa, haske na yawo, amma ka yi dariya har da hawaye. Akwai kuma wanda aka kashe wa kuɗi, komai tsaf, amma ka duba agogo sau huɗu. In maki ɗaya ne, dukansu za su tashi da matsakaici, lambar ba ta gaya maka komai ba.

Ba da makin daɗi a daren da ka kalla. Makin aiki kuma ka bar gurbinsa sai bayan kwana bakwai. A cikin makon nan zafin waƙar ƙarshe da kukan jaruma zai huce, ramukan labarin su fito fili. Wani fim ɗin kuma akasin haka ne, ka tashi kana cewa ba laifi, ranar Laraba ka tsinci kanka kana tunaninsa a cikin adaidaita sahu. Irin wannan ka ja masa layi, su ne suke kaiwa Disamba.

Yi amfani da 1 zuwa 5, ban da rabi. Ma'aunin 10 irin na shafin fina-finai na IMDb yana da faɗi a ido, amma a aikace mutum yakan maƙale tsakanin 6 da 8, saboda kunyar ba da 3 da tsoron ba da 10. Da biyar dole ka yanke hukunci: 3 na nufin ba ka yi asarar lokaci ba amma ba za ka tura wa kowa ba, 4 za ka ce wa aboki ya nema, 5 za ka sake kallo da kanka.

Inda ake duba makin aiki

Labari shi ne gaba, kuma nan ne ya kamata ka daɗe. Gwaji na farko: ba da labarin cikin jimla biyu, ka faɗi abin da jarumi yake so da abin da ya tare masa hanya. In ka kasa, ko dai labarin ba shi da ƙashin baya, ko labarai uku aka ɗinke wuri guda. Gwaji na biyu shi ne na waya: da a ce wani ya ɗauki waya ya kira wani a minti na 20, rikicin zai mutu? In amsar e ce, kuma fim ɗin bai ba da dalilin da ya hana kiran ba, to marubucin ya gina awa biyu a kan rashin fahimtar da ɗan firamare zai warware. Na uku shi ne ƙirga katari. Laɓe a bayan ƙofa daidai lokacin da ake faɗin sirri, hatsarin mota da ke kawo ciwon mantuwa, mai kuɗin da ya buge yarinya da mota sannan ya aure ta. Katarin da ya jefa jarumi cikin masifa ana iya haɗiye shi, domin rayuwa ma haka take yi. Wanda ya zo ya fitar da shi daga masifa kuwa alama ce marubuci ya gaji. Cire maki ɗaya cur.

A fina-finai masu dogon zango akwai wata cuta ta daban, jan labari. Abu ya faru a gabanka, sai a je a ba Hajiya labarinsa, sai Hajiya ta kira ƙawarta ta maimaita, sai direba da mai gadi su tattauna shi a bakin get. Ga hanyar auna ta: ɗauki kashi ɗaya, riƙe biro, duk fitowar da wani abu ya canja a cikinta (wani ya san abin da bai sani ba, ko ya yanke shawara, ko ya rasa wani abu) ka yi mata alama. In kashin yana da fitowa 15 amma huɗu kawai suka samu alama, sauran 11 cike gurbi ne: buɗe get, shigowar mota, fitowa daga mota, gaisuwa har da tambayar mutanen gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A YouTube tsawon kallo yana da alaƙa da tallan da ake samu, a talabijin kuma akwai gurbin mako-mako da dole a cike. Uzuri ne ga furodusa, amma ba ya hana ka rage maki.

Wasan jarumai ana gane shi ne ta hanyar kashe sauti. Zaɓi fitowar mutum biyu, kashe murya na minti biyu, ka zuba wa wanda ake yi wa magana ido, ka ƙyale mai maganar. Gwani yana sauraro da fuskarsa, maganar tana sauka a kansa. Wanda bai ƙware ba jira kawai yake a gama ya faɗi nasa, har za ka ga leɓɓansa suna shirin motsi. Kuka da ɗaga murya su ne mafi sauƙi a wasa, kuma su ne suka fi ruɗar masu kallo. Sannan ka kasa kunne ga harshe. Wanda aka ce Basakkwace ne, ya fara da "mi kaka so" a fitowar farko, zuwa ta huɗu ya koma Kananci tsantsa, laifinsa ne da na darakta. Haka fim ɗin zamanin da, a fada, ga rawani ga dogarai, sai wani basarake ya jefo kalmar da ba ta shigo Hausa ba sai zuwan wayar hannu.

Sauti kuwa sai da iyafis, lasifikar waya tana rufa asiri da yawa. Saurari ƙarar janareta da ke bayyana idan kyamara tana kan miji, ta ɓace idan ta koma kan mata: an ɗauki ɓangarorin biyu a lokuta daban, edita bai daidaita ba. Saurari kiɗan da ke danne magana, da wanda ke gaya maka "yanzu ka yi baƙin ciki" tun kafin a faɗi mutuwar.

A hoto kada kyan gida da motoci su ɗauke maka hankali, wannan aikin mai neman lokeshan ne. Haka hoton sama na gadar Ƙofar Nassarawa da ake liƙawa tsakanin kowace fitowa biyu. Duba ko hasken dare ya yi kama da dare. Duba ko mutum biyu da ke magana suna fuskantar juna: akwai layin da ake ƙaddarawa tsakaninsu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya nasa, abin da ake kira dokar digiri 180. In aka tsallaka shi ba da niyya ba, sai ka ga dukansu suna kallon gefe guda kamar masu jiran mota, kanka ya ɗaure ba ka san dalili ba. Kurakuran kwantiniti, irin ɗankwalin da ya canja ɗauri tsakanin falo da ƙofa ko kofin shayin da ya cika da kansa, suna da daɗin kamawa, amma kada ka ba su nauyin da ba su da shi. Ɗaya ko biyu ba sa kashe fim.

Waƙa gwajinta ɗaya: tsallake ta. In ka dawo labarin ba ka rasa komai ba, talla ce aka saka a tsakiya, ko da ta yi daɗi.

Wani hanzari. In kwafin da ka kalla na wurin masu turawa ne, an matse shi don ya shiga memori, ko wanda aka ɗauka da waya a cikin sinima, kada ka ba hoto da sauti maki kwata-kwata. Ka rubuta "ban ga na asali ba". Zalunci ne a hukunta mai ɗaukar hoto da abin da ba shi ya fitar ba.

Faɗakarwa ba ta cikin lissafi

Nan ne sharhi a wajenmu ya fi karkacewa. Sai a ce fim ya fi kowanne saboda "yana da darasi", ya nuna illar shaye-shaye ko ta auren dole. Manufa mai kyau abin yabo ce, amma ba ta gyara labarin da ya karye. Fim ɗin da ya tsayar da komai a minti goma na ƙarshe, ya kawo malami ko ɗan sanda ya fuskanci kyamara ya yi wa'azi, ya nuna cewa awa biyun da suka wuce ba su isar da saƙon ba. Duba tarbiyya da al'ada yana da masu shi, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun 2001 take wannan aiki. Kai tambayarka ita ce ko an iya ba da labarin. In saƙon ya dame ka, ko ya burge ka, buɗe masa layi na daban a ƙasan shafi. Haka yawan masu kallo a YouTube: yana nuna farin jinin jarumi da ƙarfin talla, ka bar shi a waje.

Dokokin shekara

Kafin ka fara jerawa, yanke dokoki ka rubuta su, in ba haka ba gardamar da za ta biyo baya a kansu za ta ƙare.

Wace shekara ce ta fim? Parasite na Koriya ta Kudu ya fito a 2019, ya ci Oscar a Fabrairun 2020, kuma mutane da yawa sai bayan nan suka neme shi. Mafita ita ce jeri biyu: waɗanda suka fito a bana, da tsofaffin da ka fara gani a bana. Na biyun sau da yawa ya fi na farko armashi.

Mai dogon zango kada ya shiga layi ɗaya da fim mai awa biyu. Zango mai kashi 13, kowanne minti 45, ya doshi awa goma. Wanda ka yi wata uku kana zama da mutanensa duk mako dole ya fi shiga rai, ko da bai kai ɗayan inganci ba. Ka auna zango da zango, kuma shekararsa ita ce wadda kashinsa na ƙarshe ya fita. Zangon da bai ƙare ba ya jira baɗi, domin da yawa suna farawa da ƙarfi su watse a kashi na tara.

Indiya-Hausa ma rukuninsa daban, kuma maki biyu yake buƙata, na fim da na mai fassara. Da yawa daga cikinsu na kudancin Indiya ne, na Telugu da Tamil, wasu sun shekara da shekaru kafin a juya su. Barkwancin da ya sa ka faɗuwa daga kujera sau da yawa ba ya cikin na asali, mai fassarar ne ya ƙirƙira. Ka yaba masa da sunansa, kada ka ɗora wa daraktan da bai san an yi ba.

Sai batun mene ne "fim ɗin Hausa". Da harshe za ka auna ko da masana'anta? The Milkmaid, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar a 2020, akasarinsa da Hausa ne, amma daraktansa Desmond Ovbiagele ba ɗan Kannywood ba ne. Ko masu Oscar ɗin da harshe suke aunawa a rukunin fina-finan ƙasashen waje, shi ya sa suka cire fim ɗin Najeriya Lionheart a 2019, saboda Turanci ya rinjayi Ibo a cikinsa. Harshe ya fi sauƙin karewa, kuma yana buɗe ƙofa ga ayyukan Nijar da na Jos da na Kaduna ba tare da an tsaya musun wa ke ciki wa ke waje ba.

Jerawa

Tsawon jerin ya danganta da yawan abin da ka kalla. Ɗaya cikin biyar ƙa'ida ce mai kyau: wanda ya kalli 50 ya fitar da goma, wanda ya kalli 25 ya tsaya a biyar. Goma daga cikin 15 rajista ce kawai.

Buɗe littafin, ware duk wanda ya samu 4 ko 5 a ɗaya daga cikin makin biyu. Waɗanda ka kalla kafin Yuli, sake kallon aƙalla fitowar da ka rubuta mintinta, don su tsaya kafaɗa da kafaɗa da na jiya-jiya. Daga nan ka ajiye lambobin gefe, kada ka tara su ka ce lissafi ya yanke. Rubuta kowane suna a 'yar takarda, ka kara su biyu-biyu da tambaya ɗaya: in daren yau ɗaya kawai zan iya sake kallo, wanne? Kara kowanne da kowanne a fim goma karo 45 ne, ya yi yawa. Hanya mai sauƙi ita ce ka ajiye ɗaya a tabarma, ka ɗauko na biyu ka sa shi sama ko ƙasa, na uku ka nema masa gurbi a tsakaninsu, haka har su ƙare. Za ka ga abin mamaki: wani mai 5 a aiki ya zauna ƙarƙashin mai 4. Bar shi a haka, jerin naka ne, amma ka faɗi dalili a rubutun.

In jerin na majalisa ne ko na zaure, kowa ya kawo biyar a jere, na ɗaya maki 5, na biyar maki 1, a tara. Abu biyu ke lalata wannan. Na farko, yaran wane da yaran wane: mutum huɗu su haɗa baki su sa fim ɗin gwaninsu a sama, su ƙi ambatar na abokin hamayyarsa ko a na biyar. Maganinsa kowa ya tura wa mutum ɗaya a ɓoye, kuma ya haɗa da fitowar da ta sa ya zaɓi na ɗayansa. Wanda bai kalla ba nan take asirinsa ke tonuwa. Na biyu, in kuka zaɓi ɗaukar matsakaicin maki maimakon tarawa, fim ɗin da mutum biyu kacal suka gani suka ba shi 5 zai doke wanda mutum goma suka gani ya tashi da 4.6. Ku sa sharaɗi cewa sai rabin masu ƙuri'a sun kalla. In aka yi kunnen doki, wanda ya fi samun matsayi na ɗaya shi ke sama.

Rubutawa

Kowane fim layi biyar zuwa takwas ya isa: labarin a jimla ɗaya ba tare da tona ƙarshe ba, fitowar nan ta littafinka, aibinsa guda, da irin mutumin da zai ji daɗinsa. Aibin dole ne ko ga na ɗaya, shi ke sa mai karatu ya yarda ba talla kake yi ba. Abin da ya faru bayan rabin fim kada ka faɗe shi sai ka yi gargaɗi a sama, ka bar sarari. Suka ta tsaya a kan aikin: "bai iya riƙe karin harshen ba" sharhi ne, amma auren jaruma da abin da aka ce ta yi a waje ba su da gurbi, kuma suna iya kai mutum gaban alƙali.

Kada ka saki jerin ranar 20 ga Disamba don ka riga kowa. Akwai masu fitar da aiki a makon ƙarshe, kuma makin aiki yana buƙatar kwana bakwai ɗinsa. Mako na biyu na Janairu ya fi. A ƙasan jerin ka lissafa manyan fina-finan shekarar da ba ka samu gani ba, don kada a ɗauka ka gan su ne ka watsar, sannan ka kwafe sunayensu a shafin farko na sabon littafi.